Daga Kafinsoli Zuwa Tafashiya: Yaƙin da Tsakiyar Katsina Ta Manta Ta Taɓa Yi

Ɗan kamashon da ke kiran fasinjan Kafinsoli a tashar Kankiya bai damu da asalin sunan ba, shi dai mota ta cika. Amma kalmar da yake nanatawa tun safe kalmar yaƙi ce. Kafi shi ne shingen gumagumai da ake kakkafawa a kewaye gari, a cusa ƙaya a tsakani, a haƙa rami a gaba, yadda mahayin doki zai rasa ta inda zai kutsa. Garin da ke da jama'a da ƙarfi yakan gina ganuwar ƙasa, wanda bai kai nan ba ya yi kafi. Akwai Kafin Dangi a nan ƙasar Kankiya, akwai Kafin Maiyaƙi da Kafin Agur a Kano, da Kafin Hausa a Jigawa, da Kafin Madaki a Bauchi. Har asirin da mutanen da suke binnewa don tsare gari, shi ma kafi ake ce masa, domin a wurinsu itacen da aka kafa da abin da aka binne aiki ɗaya suke yi.

Yaron da ya yi Islamiyya a Kusada zai kawo labarin Badar da Uhudu da Handaƙ, har ya faɗi cewa Salmanul Farisi ne ya ba da shawarar haƙa ramin Madina. Wanda ya yi sakandare ya ji sunan Napoliyon da Hitila. A tambaye su inda sarautar Sarkin Kano Tukur ta ƙare, da wuya a samu mai amsa, alhali wurin yana cikin ƙaramar hukumar Kankiya, kuma duk zaɓe sai an kai akwatin ƙuri'a can. Wannan rashin sani yana da tsada. Irin yaƙin da ya sa kakanni suka kewaye garuruwansu ya dawo tsakiyar Katsina a kan babur, masu yanke shawara a kansa kuwa suna sake taka kurakuran da aka biya da jini tun shekara 180 da suka wuce.

Ƙasar Kankiya da Kusada tana tsakanin manyan birane biyu, Kano da Katsina, da suka daɗe ba sa ga maciji. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) an shekara 11 ana yaƙi da Katsina ba wanda ya yi rinjaye. Sarkin Kano Kutumbi, a ƙarni na 17, ya tsare Katsinawa a cikin birninsu har wata tara, da ya sake komawa kuma aka fatattaki rundunarsa, bai daɗe ba ya rasu. Sai wajen 1650, a zamanin Shekarau, malamai suka shiga tsakani aka yi sulhu, sulhun kuma ya riƙe. Duk rundunar da ta tashi daga ɗaya birnin zuwa ɗayan, da dawakinta da masu ɗaukar kayanta, tilas ta ratsa gonakin da ke tsakani, ta sha daga rijiyoyinsu, ta ci daga rumbunansu. Idan giwaye biyu suka yi faɗa an san wanda ke shan wahala.

Jihadi ma a maƙwabta ya yi tushe. Ummarun Dallaje mutumin Dallaje ne, a ƙasar Bindawa ta yau, tafiyar da ba ta kai yini ba daga Kankiya. Shi da Ummarun Dumyawa da Muhammadu Na Alhaji suka riƙe tutar Shehu Usmanu a ƙasar Katsina. Birni mai ganuwa irin ta Katsina ba a cin sa da sukuwa, don haka yunwa aka sa ta yi aikin. Masu tarihi sun ruwaito cewa da tsarewar ta yi tsanani, ƙadangare sai da ya kai wuri 50 a cikin birni, ungulu kuwa wuri 500. A 1807 birni ya faɗi, Sarki Magajin Halidu ya ja zuwa Ɗankama, can aka ci su, ya mutu a cikin rijiya. Waɗanda suka tsira suka bi Ɗankasawa, suka yi zaman gudun hijira a ƙasar Damagaram, wajen 1819 suka kafu a Maraɗi suna kiran sarkinsu Sarkin Katsina, sunan da ake kiransa har gobe.

Daga nan ne yaƙin da ya fi shafar talakan tsakiyar Katsina ya fara, kuma shi ne wanda ba a cika ba da labarinsa ba, domin ba shi da rana ɗaya da za a ce ga ranar da aka gwabza. Sunansa hari. Da an gama girbi, ƙasa ta bushe, rafuka sun janye, sai mahaya su taso daga Maraɗi, su bi ta daji inda ba mai ganinsu, su kwana suna tafiya, asuba ta yi musu a bakin wani ƙauye. Ba su zo cin ƙasa ba, ba su zo naɗa sarki ba. Mutane suke nema da shanu da hatsi. Kafin labari ya kai birni, kafin Kaura, sarkin yaƙi, ya tara barade a ɗaura wa dawaki lifidi, maharan sun yi nisa da mata da yara a ɗaure. Wanda danginsa ke da hali a fanshe shi, wanda ba su da shi a kai shi kasuwa. Mutumin Matazu ko Musawa na yau da aka karanta wa wannan ba ya bukatar a yi masa bayani.

An gwada maganin babban yaƙi, an kuma ci nasara irin wadda kowane sarkin yaƙi ke mafarki. A 1836, a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya haɗu da taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye. Sarkin Gobir Ali ya faɗi a filin, Sarkin Katsinan Maraɗi Rauda shi ma ya faɗi. Sarakuna biyu a rana ɗaya. Duk da haka, ba a jima ba Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, Ɗanmari ya gaji Rauda, hari ya ci gaba kamar ba a yi Gawakuke ba.

Abin da ya biyo baya shi ya kamata duk mai ba gwamnati shawarar tsaro a Katsina ya haddace. A zamanin Sarkin Katsina Siddiku ɗan Ummarun Dallaje, wanda ya yi mulki daga wajen 1836 zuwa 1844, garuruwan yankin Ruma suka yi bore suka mara wa Ɗanmari baya, rikicin ya gangaro har Matazu. Siddiku ya murƙushe boren, sannan ya yi hukuncin da bai bambanta mai laifi da maƙwabcinsa ba. Aka rushe garuruwa, aka kwashe mutane, wasu suka tsere. Gonaki suka koma kurmi. Ƙasar da ke tsakanin Katsina da Zamfara, wadda a da take da garuruwa masu ido da kunne, ta zama fili ba kowa, kuma wannan fili ya zama babbar hanyar maharan Maraɗi zuwa kudu. Siddiku ya ci yaƙin amma ya buɗe wa abokan gabarsa ƙofa da hannunsa. Shi kansa a 1844 Sakkwato ta tuɓe shi, ya ƙare da komawa wajen Maraɗawan da ya yaƙa. Yankin nan na Ruma, a ƙasar Batsari ta yau, yana jingine da dajin da kowa ya sani da sunan Rugu.

Ta wannan hanya Ɗanbaskore ya yi suna. Ya sarauci Maraɗi daga wajen 1854 zuwa 1875, kuma an ƙidaya masa hare-hare sama da 80 zuwa ƙasashen Katsina da Zamfara da Kano. A shekarun 1890 Kaura Hasau na Maraɗi ya ɗora daga inda aka tsaya. Wato kusan shekara 80 ana abu ɗaya, tsara uku na manoma sun tashi sun tsufa ba su san noman da ba a waige ba.

Wani baƙo ya ga wannan ƙasa da idonsa ya kuma rubuta. Heinrich Barth, Bajamushen da ke kiran kansa Abdulkarim, ya shigo daga arewa a Janairun 1851. Tsakanin Gazawa da Katsina daji ya ratsa, ya wuce kufan Ɗankama ba kowa. Birnin Katsina ya same shi da ganuwar da ta kai mil 13 a kewaye, amma mutanen ciki ya ƙiyasta ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, sauran duk fili da gonaki. Da ya nufi kudu sai ƙasa ta sauya. Ya yaba kyan yankin, da itatuwansa da garkunan shanu da gonaki, ya bi ta Kusada ya same ta gari mai girma da ganuwa a tsaye da inuwa a ciki, ya shiga Kano ranar 2 ga Fabrairu. Da ya sake biyowa a 1853 zai tafi Sakkwato, garin Kurfi ya ba shi mamaki saboda yadda aka jera masa ramuka da katangu a gaban ƙofa, har ya zana su a littafinsa. A tafiya ɗaya mutum ɗaya ya ga ƙasar da aka watse da ƙasar da aka zauna aka kewaye, tazararsu kuwa 'yan kwanaki ce a kan raƙumi.

Yana da kyau a duba yadda kafi da ganuwa suke aiki, domin gininsu shi ne ƙaramin ɓangaren al'amarin. Ana tayar da su ne da gayya, kowace unguwa da rabonta, kuma duk bayan damina sai an sake yaɓe inda ruwa ya zubar. A waje akwai gwalalo, bayansa sarƙaƙiyar ƙaya da ake bari da gangan, hanyar shiga kuwa siririya ce mai lanƙwasa don kada dawaki su shigo a jere. A ciki dole a samu rijiya da rumbuna da ɗan filin da za a tara dabbobi, in ba haka ba gari ya zama kurkuku. Ƙofa tana da mai ita, ana rufewa da magariba. 'Yan baka su hau badala da kibau masu dafi, kuma maharbi ɗaya a bayan katanga ya fi mahaya biyar a fili, domin mai hari bai zo don ya mutu ba. In an hango ƙura sai a buga ganga a yi kururuwa, na gona su sheƙo, garin gaba ya ji ya sanar da na gaba da shi. Mafarauta da Fulanin daji su ne masu kawo labarin sawun dawaki. Wannan duka yana tsayawa ne a kan abu guda, wato mutane suna nan a wurin, sun san juna, sun kuma yarda da wanda ke riƙe da ƙofa.

Muhammadu Bello ya gane haka fiye da kowa a zamaninsa. Mutumin da ya ci Gawakuke bai dogara da Gawakuke ba. Ya bi kan iyaka yana kafa ribaɗi, garuruwa masu ganuwa da ake zaunar da mayaƙa da malamai da manoma da makiyaya a cikinsu, a ba su gona, a ce su tsare. Shi da kansa ya bar Sakkwato ya tare a ribaɗin Wurno, a can ya rasu a 1837, a can kabarinsa yake. Wata ƙasa mai nisa ta kai ga irin wannan dabara ba tare da ta taɓa jin labarin Hausa ba. Mahayan Tatar na Kirimiya sun shekara ɗaruruwa suna kai wa Rasha hari don kamun bayi, a 1571 har Mosko suka ƙona. Abin da ya rage musu ƙarfi shi ne dogon layin sassaren itatuwa da ramuka da ƙananan garuruwa masu shinge da Rashawa suka ja a kudancin ƙasarsu, suka zaunar da sojoji manoma a ciki, suna matsawa da shi gaba sannu a hankali.

Sai kuma ranar da babban yaƙi ya zo har gida. Sarkin Kano Muhammadu Bello (ba na Sakkwato ba) ya rasu a ƙarshen 1893. Yawancin gidan sarautar Ibrahim Dabo sun karkata ga Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi (Karofin nan ta ƙasar Dutsinma, inda Abdullahi ya rasu a 1882 a hanyar Sakkwato). Amma Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, ya dage sai Tukur ɗan Bello, saboda jarumtar da ya nuna a yaƙin Argungu. Wazirin Sakkwato Buhari ya naɗa Tukur. Yusufu da 'yan'uwansa suka fice zuwa Takai suka tara runduna, aka shiga abin da Kanawa ke kira Basasa. Yusufu ya rasu a Garko a 1894, mutanensa suka ɗora ƙaninsa Aliyu Babba, wato Alu, wanda mahaifiyarsa 'yar gidan sarautar Sakkwato ce. A cikin wannan shekara Alu ya shiga Kano, Tukur ya fito ya ƙetara iyakar Katsina ya yi sansani a Kamri.

Sarkin Musulmi ya aika wa sarakuna su kawo wa Tukur gudummawa, mafi yawansu suka ja ƙafa, domin ba wanda ke son zubar da jinin mutanensa a rigimar gadon wani gida. Tukur ya yi watanni yana jiran rundunar da ba ta cika ba. Sarki mai gudun hijira da dawakinsa da bayinsa da iyalansa ba ya zuwa da guzurin watanni, kuma ba sai an faɗa ba an san rumbun wa ake buɗewa. A watan Maris na 1895 Alu ya biyo shi, aka haɗu a Tafashiya. Aka karya Tukurawa, Barde Abdu Nagwangwazo ya cimma Tukur ya yi masa raunin da bai tashi ba, ya cika a hanya, aka binne shi a Gurum, can ɓangaren Kano na iyakar.

Tukur da Alu jikokin Ibrahim Dabo ne su biyun. Alƙibla ɗaya suke kallo, tuta ɗaya kakanninsu suka karɓa. Mutanen da aka kama a wannan yaƙi Musulmi ne 'ya'yan Musulmi, da yawa kuma aka sayar da su bayi. Sakkwato ta naɗa sarki, an kashe shi, ta dawo ta amince da wanda ya kore shi, kowa kuma ya ga iyakar ikonta. Shekara takwas kacal bayan Tafashiya, ranar 3 ga Fabrairun 1903, Kanar Morland na Ingila ya tsaya a gaban ganuwar Kano da sojojin da ba su kai 1,000 ba, yawancinsu baƙaƙen fata, da igwa da bindiga mai ruwa, birni ya faɗi a yini ɗaya. Sakkwato ta bi ranar 15 ga Maris. Kafin watan ya ƙare Lugga, shugaban Turawan Ingila, ya iso Katsina, Sarki Abubakar ya karɓe shi ba a harba ko kibiya ba. Gaskiya ne lifidi da sulke ba sa tare harsashi, kuma da an haɗa kai ma da wuya a ci igwa da takobi. Amma daular da Turawa suka tarar ta riga ta sha jinin kanta, ɗaya daga cikin wuraren da aka zubar da jinin kuwa yana nan kusa da Kafinsoli.

Bayan zuwan Turawa hari ya mutu, iyaka ta raba Maraɗi da Katsina, ɗaya a hannun Faransa ɗaya a hannun Ingila. Abin da manoma suka yi shi ne babbar shaidar cewa tsoro ne ya cusa su cikin ganuwa tun farko: suka fito. Mutum ya ɗauki iyalinsa ya koma kusa da gonarsa ya kafa gida, gida ya zama unguwa, unguwa ta zama ƙauye. Ƙauyuka da yawa da ke warwatse a Kankiya da Kusada da Ingawa 'ya'yan wannan zaman lafiya ne. Ganuwa ta zube aka ɗebi ƙasarta aka yi tubali, gwalalo ya cike aka shuka dawa a kai, kafi kuwa gara ta cinye shi sai suna. Sarautun yaƙi suka koma na hakimci, Kaura a Rimi, Durɓi a Mani, Galadima a Malumfashi, 'Yanɗaka a Dutsinma, lifidi da kwalkwali suka koma kayan hawan salla.

Yanzu tafiyar ta juya. Mutanen ƙauyukan yamma suna kwashe kaya suna komawa hedikwatar ƙaramar hukuma, wasu har birni, ana barin gonaki ba shuka. Ranar 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a dare ɗaya. Matsalar da aka ɗauka ta Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa ce kaɗai ta gangaro Matazu da Musawa, ta taɓa ƙauyukan Kankiya. Babur ya maye gurbin doki, waya ta maye gurbin ɗan aike, kuɗin fansa kuwa ko sunansa bai sauya ba.

Ba wanda ke da hankali zai ce a koma sare itatuwa a kewaye gari don tare mai AK-47, ko da yake ramin bai tsufa ba kamar yadda ake zato, tunda a 2017 sai da aka haƙa shi a bayan Jami'ar Maiduguri don tare 'yan ƙunar baƙin wake. Abin ɗauka a tarihin nan shi ne lissafin da ke bayan kafin. Duk ƙauyen da ya tashi, dajin ya ƙaru da faɗin gonakinsa, kuma garin da ke bayansa ya zama shi ne bakin iyaka. Gwamnatin da ta bar ƙauye goma suka watse ta tara sojoji a hedikwata ta yi aikin Siddiku ba tare da ta rushe ko ɗaki ɗaya ba. Jirgin yaƙi zai iya kashe jagoran daba kamar yadda aka kashe Rauda a Gawakuke, kuma ya cancanci yabo in ya yi, amma in ba a mayar da mutane ƙasarsu da tsaro da makaranta da asibiti da hanya ba, wani Ɗanmarin yana nan tafe. Matakan 2021, da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako a ƙananan hukumomi da dama, sun takura wa ɗan bindiga na ɗan lokaci, amma sun kuma toshe bakin mai kururuwa, suka hana talaka cinikin da ke riƙe shi a ƙauye.

Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ita ce mafi kusa da tunanin ribaɗi, domin 'ya'yan wuri ne ke tsaron wurinsu, sun san kowace burtali da kowane kwazazzabo. Haɗarinta kuma tarihi ya riga ya nuna shi. Ranar da mai tsaron gari, ko ɗan sa-kai, ya fara kama mutum a kasuwa don kamanninsa ko harshensa, ya ƙone ruga don wani ɗan rugar ya yi laifi, ranar ya fara ɗaukar wa daji sababbin sojoji. Ribaɗin Bello makiyayi yana ciki, ba a waje ba. Bafulatanin da aka sace wa shanu, aka kuma hana shi shiga kasuwa, an rasa mutumin da ya fi kowa sanin sawun da ya ratsa daji da dare.

Maganar sulhu ma akwai abin dubawa. Sulhun Kano da Katsina na zamanin Shekarau ya riƙe ne domin kowane ɓangare yana da sarki ɗaya da in ya ce a ajiye mashi za a ajiye, ga kuma malaman da duka biyun ke jin kunyarsu. Sulhun da tsohon Gwamna Aminu Bello Masari ya yi da 'yan bindiga a 2019 bai shekara ba ya wargaje, har shi da kansa ya fito ya ce sun ci amana. Daba ba ɗaya ba ce, kuma alkawarin wannan bai ɗaure wancan ba. Al'ummar da wuya ta kai ta ga zaman sulhu ba abin zargi ba ce, wanda wuta ke ci shi ya san zafinta. Amma sulhun da bindiga ke rataye a kafaɗar ɓangare ɗaya, kuma ba a ajiye ta ba bayan an tashi, ya fi kama da gaisuwar da ƙananan garuruwa ke kai wa mai ƙarfi don ya tsallake su ya faɗa wa na gaba.

Ba a rasa masu rubutu ba. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, ya yi yawo gari gari yana ɗaukar bayanan dattawa kafin ya fitar da littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda aka buga a 1981. Adamu Fika ya rubuta tarihin Basasar Kano a 1978. Duka biyun da Turanci suke, suna ɗakunan karatu na jami'a, jikokin mutanen da aka yi abin a gonakinsu kuwa ba su taɓa ganinsu ba. An kuma yi sama da shekara goma ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a firamare da ƙaramar sakandare, tsarar da ta tashi a wannan giɓi ita ce ke riƙe da bindiga a ɓangarorin biyu yau.

Aikin da ya rage ba ya bukatar biliyan. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da sassan tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsinma, su tura ɗalibai Kafinsoli da Kafin Dangi da Tafashiya da Kusada da Yashe, su zauna da dattawan da suka ji daga bakin kakanninsu, su naɗi muryoyinsu, su auna inda ganuwa da gwalalo suka bi tun garma ba ta shafe sauran ba. Hakiman Kankiya da Kusada da dagatansu su buɗe musu ƙofa, domin a zaurukansu labarin yake. A fassara abin da aka riga aka rubuta zuwa Hausa, a karanta shi a rediyo. Malaman makarantun yankin kuma su ɗauki yara su kai su Tafashiya, su nuna musu filin, su faɗa musu abin da ya faru a nan a watan Maris na 1895 da abin da ya jawo shi.